Littafin aikin juya ajin PHY 101: ɗalibai 640, lasifika ɗaya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Rajistar da ofishin sashe ya ba ni yau ta nuna ɗalibai 640 ne za su ɗauki PHY 101, kwas ɗin fiziks na 'yan aji ɗaya a jami'a, a rukunina, ɗakin lakcar kuwa kujeru 500 ne a cikinsa, da dama sun karye. Shekara ta bakwai ke nan ina koyar da wannan kwas, kuma na san yadda za ta kaya. Zan tsaya awa biyu ina cika allo, layuka biyar na gaba su kwafa, na baya su yi hira ko su yi barci, a ƙarshen zango in tarar yaro ya haddace dokokin Newton uku tsaf amma bai san abin da ke faruwa da shi ba idan direban bas ya taka birki.

Bana zan juya ajin. Bayanin da na saba yi a gaban allo zai koma gida, su kalla a waya kafin su zo. Awa biyun Talata kuma mu kashe su wajen warware tambayoyi da muhawara. Ba ni na ƙirƙiro ba. Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Woodland Park ta jihar Colorado a Amurka, sun fara naɗar darasinsu a 2007 saboda yaran da ke rasa aji, daga baya suka ga ai kowa ma zai iya kallo a gida. Wanda ya fi dacewa da halina shi ne Eric Mazur na Jami'ar Harvard, malamin fiziks kamar ni, wanda tun farkon shekarun 1990 ya koma jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ɗalibi ya juya ya shawo kan na kusa da shi.

Shugaban sashe ya ce in gwada, da sharaɗin in gama manhaja kuma kada in nemi ko kwabo.

Asabar, 11 ga Janairu

Na naɗi bidiyon farko a falo. Waya a kan tulin littattafai tana kallon farar takarda, hannuna kawai ake gani. Sau huɗu ina sakewa, biyu saboda mai tallan gwanjo da lasifikarsa, ɗaya saboda ƙaramar 'yata ta shigo neman takalminta. Ya fito minti 48, megabayit 380. Na saya wa kaina ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, naira 9,000.

Talata, 14 ga Janairu

Haɗuwar farko. Na bayyana tsarin, wakilin aji ya buɗe zauren WhatsApp wanda ni da shi kaɗai ke iya turo saƙo. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, saboda haka ya ishe mu. Babu wanda ya yi tambaya, na ɗauki shirun nan a matsayin amincewa.

Talata, 21 ga Janairu

Yau na sha kunya, kuma da hannuna na jawo.

Na shiga da tambayoyi takwas a aljihu, na ce wanda ya kalli bidiyo har ƙarshe ya ɗaga hannu. Hannayen ba su kai 60 ba. Na dake na jefa tambayar farko: an jefa dutse sama, daidai lokacin da ya kai ƙololuwa kafin ya juyo, yaya saurinsa yake, kuma yaya canjin saurinsa yake? Na ce a nuna amsa da yatsu a ƙirji, ɗaya zuwa huɗu. Daga layi na goma zuwa baya ban iya bambance yatsa biyu da uku ba, ga hazon hunturu ya sa ɗakin ya yi duhu. Da na ce kowa ya tattauna da maƙwabcinsa sai ɗakin ya zama kasuwa, kuma da na ratsa tsakanin kujeru na ji rabin hirar ba ta da alaƙa da dutse. Bayan minti arba'in na haƙura, na ɗauki alli na yi lakcar da ke cikin bidiyon daga farko. Wato waɗanda suka ƙona datarsu suka kalla su na hukunta, waɗanda suka ƙi kuma na tabbatar musu cewa ƙin ba ya da illa.

Bayan an tashi wata ɗaliba ta jira ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, datar da nake saya gigabayit ɗaya ce, ita zan yi wata da ita. Bidiyonka ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku." Wani kuma ya ce wayarsa ƙarama ce ta dannawa, sai ya jira abokin ɗakinsa ya yi barci ya ari tasa. Ni da ke zaune a ofis da intanet ɗin makaranta ban taɓa lissafa wannan ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gyare-gyaren da na yanke, bayan na kwana biyu ina juya abin.

Bidiyo ba zai wuce minti tara ba, uku a mako, kowanne a matse shi ya dawo ƙasa da megabayit 15. Tunda takarda da hannu kawai ake gani, rage kyan hoton bai ɓata komai ba. Kowane darasi zai fito kuma a murya zalla, da takarda mai shafi biyu da zan ajiye a shagon fotokwafi na bakin sashe, ba tare da ko sisi ta shigo aljihuna ba. Na faɗi wannan a fili don kada a ce sayar da handawut na dawo da shi ta bayan gida. Na zaɓi ɗalibai 20, ɗaya a kowane ɓangaren masauki, su sauke a ofishina su raba ta Xender, wanda ba ya cin data.

Maimakon yatsu, kwali mai launi: ja, kore, rawaya, shuɗi. Na sayo manyan kwalaye 40 a naira 10,000, ni da ɗalibai biyu na aji huɗu muka yanka su gida 64 kowanne har bayan la'asar. Kowane ɗalibi zai riƙe huɗu.

Sai abin da zai sa a kalla. Daga cikin maki 30 na gwaje-gwajen zango na ware 10 ga 'yar tambayar share fage a Google Forms, a rufe ta ƙarfe goma na daren Litinin. Tambayoyi uku na zaɓi, ta huɗu kuma a rubuta: me ya fi ba ka wuya a darasin nan? Marasa babbar waya su rubuta a takarda su ba wakilin aji.

Kuma na yi wa kaina alkawari, ko mutum goma ne suka kalla ba zan sake maimaita bidiyo a aji ba.

Talata, 28 ga Janairu

Mutum 431 suka cika tambayar share fage. Na zauna da amsoshin tambaya ta huɗu har sha biyun dare, na ga kusan rabi dokar Newton ta uku ce ta ɗaure musu kai. Na yar da tambayoyin da na shirya, na rubuta wasu.

Wadda ta tayar da ƙura ita ce: tirela maƙare da siminti ta yi taho-mu-gama da a-daidaita-sahu. A lokacin karon, wanne ya fi danna ɗan'uwansa da ƙarfi? Ja tirela, kore a-daidaita, rawaya daidai suke, shuɗi ya danganta da mai gudu. Ɗakin ya yi jajir, rawaya ba ta wuce ɗaya cikin uku ba. Ban faɗi amsa ba. Na ce kowa ya nemi mai launin da ya saɓa da nasa, minti uku, da duk harshen da ya ga dama. Wannan karon hayaniyar ta fiziks ce. Na ji Hausa, na ji buroka, na ji Turanci. A layin tsakiya wani yana rantsuwa cewa ya taɓa ganin irin haɗarin nan da idonsa, a-daidaitar ta koma kamar gwangwanin madara. Wata ta amsa masa: "To ai kai lalacewa kake aunawa. Ƙarfin ɗaya ne, jikin da ya karɓa ne ba ɗaya ba. Mari ɗaya za a yi wa ƙato da jariri, waye zai faɗi?" A ƙuri'a ta biyu rawaya ta rinjaya sosai. Sannan na yi bayanin minti biyar: ƙarfin daidai yake a ɓangarorin biyu, amma da yake nauyin a-daidaita kaɗan ne, canjin saurin da take samu ya ninka na tirela sau da yawa.

Shekara bakwai ina faɗin wannan doka a gaban allo, misalin marin nan bai taɓa zuwa mini ba. Mazur ya ba da labarin wani abu makamancin haka: da ya ba ɗalibansa gwajin fahimta, aka tambaye shi shin a amsa yadda ya koyar ne ko yadda mutum ya saba tunani. Tunani biyu ne ke zaune a kan yaro, na jarrabawa da na titi, lakca kuma na farkon kaɗai take taɓawa.

Tambayoyi biyar kacal muka yi a awa biyu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Lafiya lau. Darasin yau jifa da faɗuwa. Na ture kwabo biyu daga bakin tebur lokaci guda, ɗaya ya faɗi tsaye ɗaya ya yi tsalle gefe, na sa makirfo a ƙasa suka ji ƙara ɗaya. Kwalaye sun fara ɓata, wasu na ɗaga murfin littafi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Shugaban sashe ya kira ni kafin masallaci. Takardar koke ce a gabansa, babu suna, wai "ɗaliban aji ɗaya". Abin da ke ciki: Malam ba ya koyarwa, ya bar mu muna koya wa junanmu, sauran rukunoni sun wuce mu da babi biyu, kuma jarrabawa ɗaya za mu rubuta da su. Ya ce, "Dakta, ni ban hana ka ba, amma ka san idan aka faɗi da yawa ni za a fara tambaya."

Raina ya ɓaci, sai dai da na huce na ga maganar babi biyun gaskiya ce. Na ce masa, ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gwajin tsakiyar zango. Na kuma nuna masa binciken da Scott Freeman da abokansa suka wallafa a 2014, inda suka tattara nazari 225 kan kwasa-kwasan kimiyya, lissafi da injiniyanci: masu faɗuwa a ajin lakca zalla kashi 33.8 cikin ɗari, a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu kashi 21.8. Ban ɓoye masa ba cewa binciken ya nuna amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, na mutum 50 zuwa ƙasa. Ya yi dariya ya ce namu ai gari ne guda.

Su kuma ɗaliban zan gaya musu na Louis Deslauriers da abokansa na 2019, a ajin fiziks na Harvard: waɗanda aka sa su aiki a aji sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa da lakca mai daɗin saurare. Laifina ne da ban yi wannan bayanin tun ranar farko ba. Yaron da ya shekara goma sha biyu ana karanta masa yana kwafa, dole ya ga kamar an yi watsi da shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

An ɗauke wuta ƙarfe takwas da kwata, janaretan ginin babu mai. Babu majigi, babu lasifika. Lakca ta saba jure wannan, ka ɗaga murya na gaba su ji, na baya su ari littafi. Wannan tsarin kuwa ba ya jurewa, domin idan mutum 600 suka shiga muhawara babu abin da zai dawo da su sai lasifika. Na yi ta buga tebur da dasta. Tattaunawar minti uku ta zama ta minti goma sha biyu, tambaya biyu muka yi, na fito murya a dishe.

Da yamma na sayi lasifikar caji irin ta masu wa'azin kasuwa, naira 38,000, da usur na alƙalin wasa, naira 700. Uwargida ta tambaya ko sana'a zan canza. Daga yau kuma tambayoyin aji za su kasance a bayan takardar mako, ko babu majigi kowa na da su a hannu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da shi a watan jiya ya fara aiki a wannan makon. Wakilin aji ya ce layin masu karɓa ta Xender ya ninka. Na ƙara masu rabawa zuwa 30. Na naɗi bidiyo shida yau don in sami sarari.

Talata, 18 ga Fabrairu

Tambayar share fage ta lalace. Mutum 560 suka cika, kusan kowa ya ci uku bisa uku, amma a aji tambayar da ta yi kama da ta jiya ta kayar da fiye da rabi. Ashe akwai wani zauren WhatsApp da ba na ciki, ana tura amsa tun ƙarfe bakwai. A tambaya ta huɗu mutum 70 sun rubuta jimla ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya.

Ban yi faɗa ba, ni na sa maki a kan amsa daidai, su kuma suka bi inda makin yake. Na sauya: tambayoyin zaɓi babu maki a kansu. Makin yana kan rubuta abin da ya ba ka wuya da kalmominka, jimlar da ta maimaitu kuma duk masu ita sun rasa. Wannan ya ƙara mini aiki, domin sai na jera amsoshin bisa haruffa in duba masu kama da juna. Kusan awa biyu duk daren Litinin.

Talata, 25 ga Fabrairu

Wani Farfesa da ya koyar da ni a aji biyu ya shigo ba sanarwa, ya zauna a baya. Tambayar ranar: ana jawo guga cike da ruwa daga rijiya da sauri ɗaya, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Jan igiya ya fi nauyin gugan, ya gaza shi, ko daidai suke? Ƙuri'ar farko rabi da rabi, ta biyu mafi yawa suka koma daidai.

Da muka fito ya ce, "Ka tabbata fahimta ce? Ko dai kowa ya leƙa kwalin yaron da aka san yana ja ne?" Na ce, Allah ya gafarta Malam, tambayar ta dame ni ni ma. Akwai binciken da Michelle Smith da abokanta suka yi a Jami'ar Colorado, aka wallafa a 2009: bayan tattaunawa sai su ba da wata tambayar mai gwada abu ɗaya da wata siga, kowa ya amsa shi kaɗai, suka ga an ƙaru har a rukunin da babu wanda ya san amsar tun farko. Ya ce to in yi hakan a nan mu gani, na Colorado ba shaida ba ne a kan yaranmu. Ya yi gaskiya. Daga mako mai zuwa kowace babbar tambaya za ta zo da ƙanwarta.

Ya kuma lura da abin da ban gani ba daga gaba: layuka huɗu na ƙarshe, da masu tsayuwa jikin taga, ba sa ɗaga kwali sam.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Ajin safe ne, da sauƙi, amma masu cika tambayar dare sun ragu zuwa 380 saboda tarawihi da tafsiri. Na mayar da rufewa zuwa bayan sahur, ƙarfe shida na safiyar Talata, ni kuma in karanta bayan asuba.

Mun gwada ƙanwar tambaya. Babbar: mai talla ɗauke da faranti a ka tana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sauri ɗaya, ƙarfin da kanta ke tallafe farantin da shi yana yin aiki a ma'anar fiziks? Ba ya yi, domin ƙarfin sama yake kallo, tafiyar kuwa gaba. An yi ta gardama, wani ya ce a je a faɗa wa mai tallan haka a ga abin da za ta ce. Ƙanwar, ba tattaunawa: ɗan dako ya hau bene da buhu a ka. Kimanin biyu cikin uku suka gane cewa a nan akwai aiki. Bai kai ƙuri'a ta biyu ta babbar tambayar ba, wato akwai masu leƙe kamar yadda Farfesa ya ce, amma ya fi ƙuri'ar farko nesa.

Talata, 11 ga Maris

Ɗalibai biyu na digiri na biyu sun yarda su riƙa tsayawa a baya suna shiga tattaunawa. Ladansu katin waya na naira 2,000 kowanne a mako, daga aljihuna. Na baya sun fara ɗaga kwali.

Asabar, 22 ga Maris

Na gama makin gwajin tsakiyar zango, wanda dukkan rukunoni suka rubuta tare. A tambayoyin fahimta rukunina ya yi gaba a fili. A na lissafi mun yi kunnen doki da sauran, a tambaya ɗaya kan juyawar abu a da'ira kuma mun sha kashi, domin ba mu kai wurin ba. Ba zan yi wa sakamakon fassarar da ta wuce ƙarfinsa ba: rukunonin ba a raba su da ƙuri'a ba, nawa ya fi yawan 'yan injiniyanci. Abin da na tabbatar da idona shi ne halarta. A bara zuwa mako na tara ana samun kujeru babu kowa, bana har yanzu akwai masu zama a kan matakala.

Akwai mutum 74 da ba su taɓa cika tambayar share fage ko sau ɗaya ba, kuma yawancinsu suna cikin waɗanda suka faɗi. Na ba wakilin aji lambobin rajistarsu, zan gan su goma-goma bayan sallah in ji ko waya ce, ko aiki, ko wani abin.

Kuɗin da na kashe zuwa yau: makirfo 9,000, kwali 10,000 da ƙarin 2,500 na waɗanda suka ɓata, lasifika da usur 38,700, katin mataimaka 8,000, data kusan 15,000. Jimla naira 83,200. Lokaci ya fi kuɗin ciwo. Naɗar bidiyon mako yanzu awa biyu ce, amma rubuta tambayoyi biyar masu kyau yana cin awa huɗu zuwa biyar, domin kowace amsar kuskure dole ta zama kuskuren da yaro zai yi da gaske. Na fara tara su a fayil ɗaya tare da hoton kwalayen kowace ƙuri'a. Tambayar da kusan kowa ya ci tun farko, ko wadda kusan kowa ya faɗi, ba ta haifar da muhawara, ina sa mata alama in cire ta. Cikin 41 da na yi amfani da su, 17 ne zan sake ɗauka baɗi yadda suke.

Bayan hutun sallah saura mako huɗu da babi uku. Zan rage tambayoyin kwali zuwa uku a kowane zama, minti arba'in na ƙarshe a warware lissafi a takarda, mutum uku-uku, mataimaka su karɓi guda 30 da ka mu duba. Babin juyawa a da'ira zan yi masa lakcar minti 25 a aji, domin na gwada shi a bidiyo sau biyu bai fito ba. Shugaban sashe ya ce in kawo rahoton shafi biyu a taron sashe na Afrilu, in haɗa da kuɗin lasifika ko za a dace a biya.